Baffana da Takin da Bai Sata Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya, kuma Baffa ya riga mu ranar wata Talata da hantsi. Yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa a Balan, da igiyar akuya a hannu yana gyara mata ƙulli, rai ya yi halinsa. Yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa Baffa yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa.

A wajen jana'iza liman ya yi abin da aka saba, ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya saɓa wa ya dubi girman Allah ya yafe masa. Yawanci a nan sai ka ji an amsa ƙasa-ƙasa an wuce. Na Baffa kuwa sahu gaba ɗaya ya ɗauka da ƙarfi, kamar mutane sun daɗe suna jiran a tambaye su. Daga baya na ji wani yana ce wa na kusa da shi, "Mun yafe, ai ya tuba tun tuni."

Ranar sadakar uku wani tsoho ya zo daga Toranke a bayan babur. Sai da aka kama shi ya sauka. Ya tako da sandarsa har gaban mahaifina, wanda yake zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa, ya durƙusa da ƙyar.

"Ya haƙuri?" in ji tsohon. "Ni dai na zo da ƙafata ne in faɗa a gaban shaidu. A waccan shekarar gerona bai kai gwiwa ba. Na riƙe shi a raina da daɗewa, amma yau na yafe masa takin, duniya da lahira."

Samarin da ke gefe suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ɗayansu ma na hango hoton Baffa a fuskar wayarsa, baki buɗe, yana ƙyaƙyatawa. Mahaifina bai ɗago ba. Ya ce, "Mun gode, Allah ya saka da alheri," sannan ya miƙe ya shige gida ya bar baƙi a zaune.

Wanda ba ɗan yankinmu ba sai an yi masa bayani. Tun kafin a haife ni wasu masu shirya fim suka zo daga birni suka yi makonni tsakanin Gaya da Balan. Fim ɗin yana da sunansa a rubuce, amma mu ba mu taɓa kiransa da komai ba sai majigin taki. Labarin wani ɗan takarar kansila ne mai zaƙin baki, wanda ya bi ƙauyuka yana rantsuwa cewa in aka zaɓe shi takin zamani zai isa kowace gona kafin ruwan shuka. Aka zaɓe shi, takin ya zo, aka jibge a sito. Shi kuma ya kawo mota da rana tsaka ya kwashe, ya kai wata kasuwa mai nisa. Yabanya ta yi ja, mata suka shiga sayar da awaki, shi yana ƙara mata da sababbin riguna. Baffa ne ya fito a kansilan.

Na kalli fim ɗin ban san adadi ba, kuma har yau in ya zo wurin da Baffa ya hau kan buhu na ƙarshe, ya gyara hula, ya saki dariyar nan, sai tsigar jikina ta tashi. Mutum ne siriri, sai da aka cusa masa matashi a cikin riga kafin ya yi tumbin kansila. Bai taɓa wasan kwaikwayo ba kafin nan, bai kuma sake ba. Amma waɗanda suka san harkar sun ce ba a yi mugun ɗan siyasa kamarsa ba. Fim ɗin ya zaga ƙauyuka a motar majigi, ya koma talabijin duk lokacin zaɓe, ya shiga kaset, yanzu kuma yara suna yanko dariyar suna tura wa juna a waya duk ranar da aka ji wani babba ya yi sama da faɗi da kayan jama'a.

Matsalar ita ce masu fim ɗin ba su gina komai ba. Siton da aka nuna shi ne siton gaske na wata ƙungiyar manoma da yanzu ta daɗe da rushewa. Gidajen namu ne, jakunan namu ne, matan da suke kuka a ciki maƙwabtanmu ne. Kuma damina ɗaya kafin zuwansu, taki ya ɓace da gaske a wannan siton, ba a gano wanda ya fitar da shi ba. To ka ɗauki mutumin da bai taɓa ganin majigi ba, ka zaunar da shi a gaban farin ƙyalle bayan magariba, ka nuna masa siton da ya sani da fuskar da ya sani tana loda buhuna a mota. Shi a wajensa ba wasa ya kalla ba, asiri ne Allah ya tona.

Masu ilimi da matasa sun san wasa ne. Tsofaffin ƙauyuka kuwa, daga Balan har cikin Ajingi, da yawansu sun tafi kabari da yaƙinin Baffa ne ɓarawon takinsu. Abin da ya hana ni sakat tun ina ɗalibi har na zama malamin makaranta shi ne, me ya sa bai taɓa musantawa ba? Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Mahaifiyata takan ce ko kaza ta ɗaga ƙafa sai na tambayi dalili.

Na sha raka shi kasuwar Gaya. Za ka ji daga rumfar masu goro an ce, "Kansila, ina takinmu?" Wani da wasa yake faɗa, wani kuwa har ga Allah. Duka amsa ɗaya yake ba su, ya ɗaga hannu ya ce, "Sai addu'a." Wata rana wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ƙi karɓar cinikinsa, ta janye farantinta ta kawar da kai. Na fusata zan yi magana, ya riƙe mini hannun riga.

"Baffa, ka gaya mata wasa ne mana."

"Kai dai da baki. Daddawar ma ba ta yi ƙamshi ba, mu je gaba."

Bai taɓa zuba takin zamani a gonarsa ba, ko kyauta aka ba shi. Tun rani zai fara kai takin turke a mangala, shi da jakinsa, sawu bayan sawu, har gonar ta yi baƙi. In ya gama tasa sai ya juya kan ta wata bazawara da mijinta ya bar mata marayu, ya zuba mata ba tare da ya yi sallama ba. Ita kanta ta yi shekaru tana zaton 'yan uwan mijinta ne. Da ta gano, sai ta ce a gaban mata, "Allah sarki, yana biyan abin da ya ci ne." Maganar ta dawo kunnensa, ya yi murmushi, washegari ya ƙara mata sawu biyu.

Sau ɗaya na ga ya yi amfani da sunan da aka laƙaba masa, kuma ranar na san ya san abin da yake yi. Wani ɗan takara ya zo kamfe Balan da mota cike da buhunan taki. Ya sa aka sauke su a filin makaranta don a gani, ya ce bayan zaɓe za a raba, yanzu za a mayar da su ajiya. Baffa ya ratsa taron a hankali, ya hau kan buhunan ya zauna, ya gyara hula. Wurin ya yi tsit. Sai ya saki dariyar nan ta majigi, irinta sak, bai ce uffan ba. Jama'a suka ɓarke da sowa, ɗan takarar ya yi ta share gumi, kuma ba a bar filin nan ba sai da aka raba takin tas a gaban kowa. Baffa ya sauko ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida hannu wofi.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce babbar 'yarsa, wadda nake kira Yaya. A makaranta 'yar ɓarawon taki ake ce mata, kuma ko da ta yi aure a Ajingi sunan ya bi ta har gidan miji. Shekarun baya wasu 'yan rediyo suka aiko cewa za su zo su yi hira da Baffa a kan fim ɗin. Yaya ta taso takanas, ta wanke masa babbar riga, ta sa aka share ƙofar gida. Ranar da suka zo aka nemi Baffa aka rasa. Ashe tun asuba ya ja jakinsa ya yi gona mai nisa, bai dawo ba sai da ya tabbata motarsu ta tashi. Ina nan lokacin da ta tare shi a zaure.

"Baffa, kalma ɗaya fa. Ka ce wasa ne, duniya ta ji. Jikokinka ma sun fara jin abin da na ji."

"Wanda ya sani ya sani, uwata."

"Wanda bai sani ba fa? Haka za ka mutu ana ce maka ɓarawo?"

"In na mutu ai ba zan ji ba."

Ta yi kuka ta koma Ajingi a ranar, ta yi wata biyar ba ta tako Balan ba. Shi ne ya bi ta da ƙwaryar zuma ya ba ta haƙuri, amma hirar dai bai yi ba. Ni a lokacin bayanta na bi. Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi, ko kuma yana jin daɗin sunan a ɓoye.

Don haka da ta kira ni cikin gida bayan tafiyar tsohon Toranke, idonta jawur, na san abin da za ta ce.

"Ka ji abin da ake yi a waje ko? Ana yafe wa ubana satar da bai yi ba. Ranar bakwai kai za ka tashi kafin addu'a ka yi bayani. Kai ne malami, kai za su saurara."

Na ce mata na ɗauka. Har na fara tsara maganar a raina, yadda zan bayyana matashin cikin riga da yadda ake ɗaukar fim.

Washegari da la'asar na shiga gaida Inna, matar Baffa, tana zaman takaba a ɗakinta. Na same ta tana ɓare gyaɗa a faranti don hannunta ba ya iya zama haka kawai. Na gaya mata abin da muka shirya, ina tsammanin za ta sa mini albarka. Ta ɗago ta dube ni.

"In ka ce musu wasa ne," in ji ta, "tsofaffin nan za su ce maka to, mun ji. Sai su tambaye ka, takin gasken fa, wa ya buɗe siton? Ka tanadi amsa?"

"Ai ba a taɓa ganowa ba, Inna."

"Ba a dai ci gaba da nema ba. Tura ƙofar nan ka zauna."

Abin da ta gaya mini ke nan. A shekarar da takin ya ɓace, mukullin siton yana hannun mahaifina. A lokacin matashi ne mai sabon aure, ƙungiyar ta ba shi riƙon ne don ya iya karatun boko kaɗan, mahaifiyata kuma tana ɗauke da cikina. Wani babban ɗan siyasa ya zo da mota ya ce za a mayar da takin wani siton. Mahaifina ya san ƙarya ne. Ya buɗe, ya kawar da kai, bayan kwana biyu aka aiko masa da sabon keke. Da yabanya ta lalace dattawa suka fara bincike, maganar tana matsowa kusa da shi, har an fara zancen kai ƙara. A daren da ya kasa riƙewa ya je ya faɗa wa yayansa komai.

Ana cikin haka masu fim suka iso. A kasuwa suka tsinci labarin takin, suka ga ya yi daidai da abin da suke son nunawa. Sun zo da ɗan wasansu daga birni, amma Baffa ya je ya same su ya ce a gwada shi. Da ya yi dariyar nan sau ɗaya, suka sallami nasu.

"Ya san abin da zai biyo baya?" na tambaye ta.

"Ya san mutanensa. Ya ce mini hukuma ta san wasa ne, ba ta da abin kama shi, tunda bai taɓa riƙe mukulli ba. Mutanen gari kuwa in suka sami wanda za su zaga, za su daina tambaya. Haka kuwa aka yi." Ta watsa ɓawon gyaɗa a ƙwarya. "Na ce masa 'ya'yanmu fa? Ya ce zagi ba ya hana yaro girma a gaban ubansa, gidan yari kuwa yana hanawa. Kai yake nufi, kana ciki."

Na fita daga ɗakin nan. Abubuwan da na daɗe ina gani ban fahimta ba suka yi ta zuwa mini. Mahaifina bai taɓa zama ya kalli fim ɗin ba, da an sa shi a talabijin zai tuna yana da abin yi a waje. Bai taɓa zama tabarma ɗaya da Baffa ba, kullum a ƙasa yake raɓewa, mu muna cewa ladabi ne. Na kuma yi tunanin babban mutumin nan mai mota, wanda ya mutu da darajarsa aka yi ta yabonsa. Rufin asirin da Baffa ya yi wa ƙaninsa shi ma ya rufe shi, kuma gonakin da suka lalace ba wanda ya biya su. Ban san yadda Allah zai auna wannan ba, ba kuma zan yi kamar na sani ba. Abin da na sani shi ne na girma da uba a gida, Yaya kuma ta girma da sunan da ba nata ba.

Kwana biyu ina juya abin. In na tashi na ce wasa ne kawai, na faɗi rabin gaskiya, na kuma buɗe ƙofar tambayar da za ta kai ga ubana, tsoho mai ciwon ƙafa wanda ake ba wa sahun gaba a masallaci. In na yi shiru, na ci amanar Yaya, an kuma binne Baffa da sunan ɓarawo. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma iya haɗa ido da mahaifina ba. Ina jin daga nan ya gane.

Ranar bakwai ƙofar gida ta cika. An kawo gumba da waina, liman ya gyara zama zai fara addu'a. Na hango Yaya a bakin zaure ta yafa mayafi tana kallona. Na yunƙura zan tashi ban ma san abin da zan ce ba, sai na ji hannun mahaifina a gwiwata ya danne ni. Ya dafa kafaɗata ya miƙe.

"Jama'a, ku yi mini haƙuri kafin a yi addu'a," in ji shi. "Kun yi ta zuwa kuna yafe wa yayana taki. Yayana bai taɓa ɗaukar ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da kuka gani a majigi wasa ne. Takin gaske ni ke riƙe da mukullinsa, ni na buɗe aka kwashe, aka ba ni keke. Ya ɗauki sunan ne don kada a ɗaure ni. Ni ya kamata ku yafe wa, in za ku iya."

Ba wanda ya motsa. Ina jin numfashinsa a saman kaina. Na jira hayaniya, ko zagi, ko wani ya tashi ya tafi.

Wani dattijo a sahun gaba ya girgiza kai, ya share ido da bakin rawaninsa. "Allah sarki zumunci," ya ce. "Malam, zauna. Mun san zafin rabuwa da ɗan uwa. Ba sai ka ɗora wa kanka laifinsa ba, mun riga mun yafe masa."

"Wallahi gaskiya nake faɗa muku."

"Mun ji, mun ji. Allah ya bar zumunci. Kowa ya sami ƙani irinka ya gode Allah."

Wurin ya ɗauka da amin. Wasu suka taso suka riƙe shi suka zaunar da shi a hankali, ana yi masa fifita, ana cewa a kawo masa ruwa. Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a, aka roƙa wa Baffa gafarar abin da ya yi, aka roƙa wa mahaifina ladan son ɗan uwa. Da na waiwaya bakin zaure, Yaya ta toshe bakinta da mayafi tana kallonsa. Ita dai ta yarda, na gani a fuskarta.

Da mutane suka watse muka rage mu biyu a kan tabarma. Mahaifina yana kallon gindin darbejiyar da yayansa ya saba zama.

"Kai ka yarda?" ya tambaye ni.

"Na yarda, Baba."

"Shekara da shekaru ina tara ƙarfin faɗar maganar nan, ka ga yadda ta ƙare." Sannan ya ce, "Kai da ka iya alƙalami, rubuta. Kada ka gyara ni a ciki. Tsofaffin sun tafi da nasu, amma jikokinsa suna karatu."

Na ce masa mutane za su karanta har inda ba a san shi ba, kuma 'ya'yana ma za su karanta.

"'Ya'yan yayana ai sun ɗauki zagin," ya ce. "Naka ma su ɗanɗana."

To ga shi na rubuta. Ya Allah, Kai da ba a nuna maka majigi, Ka san wanda ya hau buhu da wanda ya juya mukulli. Ka yalwata wa Baffa kabarinsa, Ka ba shi abin da mutane suka hana shi, Ka kuma dubi tsohon da ya bari da idon rahama. Wanda duk ya ga dariyar nan a wayarsa, ya yi dariyarsa, amma ya sani Baffana bai saci taki ba. Ubana ne ya buɗe siton.